Daga Gudun Kwanika Zuwa Allurar Wata Uku: Tarihin Tazarar Haihuwa a Ƙasar Katsina

Gabatarwa

A ƙasar Hausa babu tsohuwar da za a tambaya ma'anar kwanika ta tsaya tunani. Kwanika, ko gwanne, ko rurrutsa, kamar yadda ake kiranta a wurare dabam-dabam, ita ce mace ta ɗauki ciki tun ba ta yaye ɗan da ke bayanta ba. A da abin kunya ne, abin tsoro ne kuma, domin kowa ya san abin da kan biyo baya: a cire yaro daga nono da gaggawa, ya kama zawo, ya rame, wani lokaci ma a rasa shi. Harshen da ya tanadi sunaye har uku domin abu guda, lalle masu shi sun daɗe suna fama da abin.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin hanyoyin da aka bi don guje wa kwanika, tun daga al'adun goyo na kaka da kakanni har zuwa allurar wata uku da ashanar fata da ƙaramar ƙwaya, waɗanda a yau ake bayarwa a asibitocin Jihar Katsina. An ɗauki Karofi ta Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, tare da maƙwabtanta na ƙasar Kurfi, a matsayin ma'auni, saboda ƙasa ce ta manoma da makiyaya inda mace kan yi tafiya kafin ta ga malamin asibiti. Abin da tarihin ya nuna shi ne, waɗannan magunguna sun zo ne su yi wani tsohon aiki, kuma amfaninsu ko cutarsu ya rataya a kan abu biyu, watau a yi wa mace cikakken bayani ta yarda don kanta, sa'an nan a kiyaye lokaci.

Tsarin da Aka Gada

Bahaushe bai jira likita ba kafin ya tsara wa mai jego hutu. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can. Sai ta shiga wankan jego safe da yamma har ta yi arba'in, wata ma ta zarce. Shayarwa kuwa takan kai wajen shekara biyu kafin a kai yaro gidan kakarsa yaye. A tsawon wannan lokaci al'ada ta so miji ya nisanci matarsa, domin an yi imani cewa sabon ciki yana ɓata nono. Baba ta Karo, wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a garin Giwa cikin 1949 da 1950, ta bayyana wannan ƙaurace wa juna ta shekara biyu a matsayin abin da matan zamaninta suka taso suka tarar.

Addinin Musulunci ya ƙarfafa shayarwa. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Amma shari'a ba ta hana ma'aurata kusantar juna ba da zarar jinin biƙi ya ɗauke, kuma hadisai ingantattu sun nuna cewa Sahabbai sun yi azlu a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ke nan ƙauracewar shekara biyu al'ada ce, al'ada kuwa takan sassauta idan zamani ya juya. Da ilmin addini ya ƙara yaɗuwa, aikin albashi da zaman birni suka raba ma'aurata da manyan gidajen gandu, sai ƙauracewar ta yi ta raguwa, tsoron kwanika kuwa yana nan inda yake. Mata suka riƙa neman tsari ta wajen guru da laya da rubutun sha, wasu har da haɗiyar 'ya'yan zurma, waɗanda guba ce a cikinsu.

Ba dukkan abin da aka gada ne ya zama alheri ba. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, musamman Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya na masu jego da shan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Amma ainihin manufar tsofaffi, kimiyya ta gaskata ta. A 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta shigar da kalmar kwashiyoko cikin littattafan likitanci. Kalmar daga harshen Ga take, kuma tana nufin ciwon da kan kama yaron da ƙane ya ture daga nono. Ɗan kwanika ke nan da wani harshe. A 2005 kuma, taron masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira ya ba da shawarar mace ta dakata aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta nemi wani ciki. Shekara biyun tsofaffi ce ta dawo da hatimin likita.

Inda Maganin ya Samo Asali

Jikin mace yana da wasu sinadarai biyu da ke tafiyar da haila da ciki, watau istirojin da furojestaron. Furojestaron shi ne mai gadin ciki. Idan mace ta ɗauki ciki yakan yawaita a jininta, ya hana jiki sakin wani ƙwai, shi ya sa mai ciki ba ta ɗaukar wani a kansa. A 1921 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Ludwig Haberlandt, ya dasa gidan ƙwan zomanya mai ciki a jikin wadda ba ta da shi, sai ya ga ta daina ɗaukar ciki na wani ɗan lokaci. A 1934 aka tace sinadarin shi kaɗai, amma da yake daga sassan jikin dabbobi ake samunsa kaɗan-kaɗan, tsadarsa ta hana a mora shi.

Wanda ya karya wannan tsada shi ne Russell Marker, wani masanin haɗa sinadarai ɗan Amurka, wanda ya gano cewa wata doyar daji ta ƙasar Meziko tana ɗauke da abin da za a iya juya shi ya zama furojestaron. A 1944 aka kafa kamfanin Syntex a birnin Meziko domin wannan aiki. A ɗakin binciken wannan kamfani ne, ranar 15 ga Oktoba, 1951, wani ɗalibi mai suna Luis Miramontes, a ƙarƙashin Carl Djerassi, ya haɗa wani kwaikwayon furojestaron wanda za a iya haɗiya ya yi aiki. Irin waɗannan kwaikwayo su ake kira furojestojin.

Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta farko, wadda aka amince da ita a Amurka a 1960, haɗi ce ta furojestojin da istirojin. Sai dai istirojin yana iya rage ruwan nono, yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, musamman ga sabuwar haihuwa. Ga al'ummar da mace kan shafe yawancin shekarun aurenta da goyo a baya, wannan babbar naƙasa ce. A nan ne magungunan furojestojin zalla suka sami gurbi, domin ba su taɓa nono. Aikinsu iri biyu ne: suna kaurara yauƙin da ke bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce ba, suna kuma hana sakin ƙwai. Ba su zubar da cikin da ya riga ya shiga. Sun zo da siffa uku, watau allura, da ashana wadda ake sawa ƙarƙashin fatar dantse, da ƙaramar ƙwaya ta kullum.

Allurar da ta Jawo Gardama

Daga cikin ukun babu wadda ta sha suka kamar allurar Depo-Provera ta kamfanin Upjohn. Kamfanin ya nemi izinin sayar da ita a Amurka domin hana ɗaukar ciki tun 1967, hukumar magunguna ta ƙasar ta ƙi a 1978, saboda gwajin da aka yi a kan karnuka ya nuna ƙari a nono. Ba a amince da ita a can ba sai a 1992, bayan binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a kan mata a ƙasashe da dama ya kwantar da hankali. A tsakanin waɗannan shekaru kuwa ana ta yi wa mata ita a Afirka da Asiya. Tambayar da mutane suka yi ta yi ba ta rasa hujja ba: don me za a kawo wa wasu abin da masu shi ba su yarda a yi wa matansu ba?

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne yadda aka yi amfani da ita. A Rodeshiya, zamanin mulkin tsirarun Turawa, an yi ta kukan cewa ana matsa wa matan da ke aiki a gonakin Turawa su karɓi allurar. Shi ya sa a 1981, shekara guda bayan samun 'yanci, gwamnatin Zimbabuwe ta hana amfani da ita. Irin wannan kuka ya taso a Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata. Ashanar farko ma, mai suna Norplant, wadda aka fara amincewa da ita a Finlan a 1983, ta gamu da nata zargin. Sanduna shida ne ake sawa su yi shekara biyar, kuma a ƙasashe da dama mata sun koka cewa sun nemi a cire musu an ƙi, ko an rasa wanda ya iya cirewa.

Ƙasar Hausa tana da nata tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan, gwajin da ya shafi yara 200. Gardamar da ta biyo baya, a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, ta kai ga kotu, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa jita-jitar cewa an zuba masa maganin hana haihuwa, abin da ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Pfizer ɗin nan shi ne ya gaji Depo-Provera daga Upjohn. Saboda haka idan magidanci a Karofi ya yi ɗari-ɗari da allura, bai kamata ma'aikaci ya ɗauke shi jahili ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Maganin wannan tsoro shi ne gaskiya, har da faɗin illolin maganin tun ba a tambaya ba.

Isowarsa Nijeriya da Nijar

Ƙungiyar tsarin iyali ta farko mai faɗin ƙasa a Nijeriya an kafa ta ne a Ikko a 1964, amma aikinta bai yi nisa a karkarar Arewa ba. Abin da ya fi buɗe idon likitocin Arewa shi ne binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya, inda aka bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979. Binciken ya nuna cewa haɗari ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana, da matan da suka haihu da yawa, da waɗanda ba su je awo ba.

A 1988, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Katsina, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da manufar yawan jama'a wadda ta ambaci 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Wannan lissafi bai sami karɓuwa a Arewa ba, kuma ya shafa wa kalmar ƙayyade iyali baƙin jinin da har yau bai wanku ba. Bahaushe bai san ƙidaya 'ya'ya ba, amma ya san hutar da mai goyo. Sai da ma'aikatan lafiya suka koma maganar tazarar haihuwa, wadda tsofaffi da malamai suka riga suka sani, sa'an nan aka fara sauraronsu.

Sauran sauye-sauyen sun shafi kusantar da maganin ga mutanen karkara. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar bayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati. Bayan wani gwaji da aka yi a Jihar Gombe, a 2012 aka yarda ƙananan jami'an lafiya na karkara su riƙa yin allurar, a 2014 kuma aka ƙara musu da sa ashana bayan horo. A wannan shekara ta 2014 aka fara gwada wata sabuwar allura mai suna Sayana Press a Nijar da Burkina Faso da Sanigal da Yuganda. Ita wannan a ƙarƙashin fata ake yin ta, maganin da allurar a haɗe suke, har mace tana iya yi wa kanta a gida idan an koya mata. Nijeriya ta karɓe ta daga baya. A ƙasar Damagaram kuma aka ƙirƙiro makarantun mazaje, inda magidanta kan zauna su tattauna lafiyar matansu, domin an gane cewa shawarar da aka yanke ba da miji ba, ba ta cika ɗorewa ba.

Duk da haka tafiyar ba ta yi sauri ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa Jihar Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa, inda lissafi ya kama 7.3 ga kowace mace. A faɗin Nijeriya kuwa matan aure 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyoyin zamani a lokacin, adadin da ya kai 15 a binciken 2023 zuwa 2024. Ashana da allura su ne suka fi karɓuwa.

Ƙa'idojin da Tarihi ya Bari

Ƙa'ida ta farko ita ce lokacin farawa. Shayarwa kanta tana hana ciki, amma bisa sharuɗɗan da masana suka daddale a 1988: yaro bai kai wata shida ba, haila ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. Da an fara ba shi kunu, ko ɗaya daga sauran sharuɗɗan ya faɗi, to, tsarin ya raunana. Bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015, mai shayarwa tana iya sa ashana ko fara ƙaramar ƙwaya tun bayan haihuwa, allura kuwa sai bayan mako shida. Mako shida kwana 42 ne, watau kusan daidai da fita arba'in. Wannan rana da kowace mai jego ta sani ita ce mafi sauƙin alama.

Ta biyu ita ce kiyaye wa'adi. Allurar wata uku ana maimaita ta kowane mako 13, kuma ana iya yin ta ko an makara da mako huɗu. Ta wata biyu, mai suna Noristerat, mako biyu kaɗai ake ɗaga mata. A cikin mata 100 masu allura, kimanin huɗu kan sami ciki a shekara, kuma yawanci makara ce sanadi. Ƙaramar ƙwaya irin wadda aka fi sani a nan tana son a sha ta a lokaci guda kullum, kamar bayan sallar Isha'i. In an makara fiye da awa uku, sai a sha nan take, a kuma yi hattara na kwana biyu. Ashana ita ce mafi tabbas, domin wajen mace ɗaya cikin 1,000 ce kan sami ciki a shekara. Jadelle mai sanda biyu tana shekara biyar, Implanon mai sanda ɗaya tana shekara uku. A ƙauyukan da ke kewaye da Karofi da Kurfi, inda damina kan yanke hanya, hare-haren 'yan bindiga kuma suka sha hana zirga-zirga a 'yan shekarun nan, wajibi ne a auna nisan asibiti kafin a zaɓi hanya. Matar da ba ta da tabbacin dawowa a kan kari, ashana ko allurar da za ta yi wa kanta ta fi dacewa da ita.

Ta uku ita ce faɗin illoli tun da farko. Babbar illar waɗannan magunguna ita ce rikicewar haila: ɗigo-ɗigo, ko doguwar haila, ko ɗaukewarta gaba ɗaya. Ɗaukewar ba ta nufin jini yana taruwa a ciki, fatar mahaifa ce ba ta yi kauri ba, don haka babu abin da za a zubar. Ga Musulma wannan ya shafi salla da azumi, kuma fiƙihun Malikiyya ya daɗe da bambanta haila, wadda ba ta wuce kwana 15, da jinin ciwo wanda ba ya hana ibada. Matar da aka yi wa wannan bayani ba za ta firgita ba idan abin ya zo. Allura tana iya ƙara ƙiba, tana rage ƙarfin ƙashi kaɗan, wanda yakan dawo bayan an daina. Tana kuma jinkirta dawowar haihuwa, har a kan ɗauki wajen wata goma daga allurar ƙarshe, amma ba ta mai da mace juya. Ashana da ƙwaya ba su da wannan jinkiri.

Ta huɗu ita ce sanin wadda bai dace da ita ba. Mai sankarar mama ba ta amfani da ko ɗaya daga cikinsu. Mai hawan jini mai tsanani, da mai ciwon hanta mai tsanani, da mai zubar jinin da ba a san sanadinsa ba, sai likita ya duba su tukuna. Maganin tarin fuka mai suna rifamfisin da wasu magungunan farfaɗiya suna rage ƙarfin ashana da ƙwaya, amma ba su taɓa allurar wata uku. Game da ƙanjamau, wani babban gwaji da aka yi da mata fiye da 7,800 a ƙasashen Afirka huɗu, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2019, bai sami wani babban bambanci na kamuwa ba tsakanin masu allura da masu ashana da masu robar mahaifa. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ke kare mutum daga cutar. Har ila yau bincike bai rufe ba: a 2024 masana a Faransa sun danganta daɗewa a kan allurar da wani ƙari na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Abu ne da ba safai yake faruwa ba, amma haƙƙin mai karɓa ne ta ji shi.

Kammalawa

An ga yadda Hausawa suka gina hutun shekara biyu domin kare ɗan goyo, yadda wannan gini ya zaizaye, da kuma yadda magungunan furojestojin suka zo suka tarar da gurbinsa. An kuma ga cewa allurar da aka hana a Zimbabuwe a 1981 ita ce mata suke nema da ƙafarsu a asibitocin Afirka a yau. Sinadarin bai sake ba. Abin da ya sake shi ne wanda ke yanke shawara.

A nan ne nauyi ya hau kan ɗalibai da ma'aikata. Jami'in lafiya na ƙaramar hukuma shi zai tabbatar cewa allura ba ta yanke a ɗakin shan magani ba, domin matar da ta taso daga ƙauye ranar wa'adinta aka ce mata babu, an jefa ta cikin kwanikar da ta zo gudu. Shi zai tabbatar cewa duk inda ake sa ashana akwai wanda ya iya cire ta, kuma a cire ranar da mai ita ta nema, ba tare da gardama ba. Ɗalibin da ya koma gida hutu kuwa, shi ne wanda yayarsa ko matar wansa za ta tambaya ko gaskiya ne allura tana hana haihuwa har abada. Ya kamata ya san amsar, ya kuma san ranar da za ta koma asibiti.